Takardar da Ke Shaidar Kanta: Hukuncin Rubutu da Hatimi a Fiƙihu da Dokar Shaida, da Yadda Ya Shafi Kotunan Ikara, Makarfi da Kudan

Gabatarwa



A arewacin ƙasar Zazzau, musamman ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, dukiyar talaka ƙasa ce: gonar tudu, fadamar rake, lambun tumatir da filin gida. Saboda haka idan rigima ta tashi a kan gado ko ciniki ko jingina, da wuya a rabu a gaban alƙali ba tare da wani ya zaro takarda daga aljihu ba. Wata an rubuta ta da boko, wata da ajami. Wata tana ɗauke da hatimin kotu, wata da hatimin dagaci, wata kuwa babu komai a jikinta sai dangwalen yatsa. A nan ne tambaya take tasowa: wace takarda ce alƙali zai karɓa a kan cewa lallai ta fito daga inda take da'awar ta fito, ba tare da ya nemi wanda ya rubuta ta ko wanda ya halarci rubutun ba?

Kafin a shiga amsa, wajibi ne a raba abubuwa biyu da jama'a kan cakuɗa. Na farko shi ne ingancin takardar, wato tabbatar cewa ba jabu ba ce. Na biyu shi ne gaskiyar abin da ke cikinta. Takarda tana iya zama sahihiya, hatiminta na gaske, sa hannunta na gaske, amma wanda ya sayar da gonar da aka ambata a ciki bai mallake ta ba tun farko. Dukan sauƙin da fiƙihu da doka suka yi wa wasu takardu ya tsaya ne a kan abu na farko.

Asalin mas'alar a wurin magabata

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, ya yi umarni da rubuta bashi, kuma a cikin ayar dai ya yi umarni da kafa shaidu. Haka nan ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa lokacin da Annabi (SAW) ya yi nufin rubuta wa Rumawa, an gaya masa ba sa karanta wasiƙar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka yi masa zobe na azurfa don wannan aiki. Ke nan rubutu da hatimi suna da asali a Sunna. Abin da malamai suka yi saɓani a kansa shi ne ko rubutu shi kaɗai, ba tare da bakin mutum ba, yana isa a gina hukunci a kansa.

Imam Bukhari ya ware wa mas'alar babi a Kitabul Ahkam, ya kawo aikin alƙalan farko da suke zartar da wasiƙar alƙali ɗan'uwansu idan sun gane rubutu da hatimi. Ya kuma ambaci cewa Ibn Abi Laila da Sawwar ɗan Abdullahi su ne suka fara neman shaidu a kan irin wannan wasiƙa. An ruwaito irin wannan bayani daga Imam Malik: a da can hatimi kawai ya wadatar, sai da amana ta yi rauni aka fara tuhumar mutane, sannan aka koma neman shaidu biyu. Wannan ruwaya ita ce mabuɗin fahimtar babin gaba ɗaya, domin ta nuna cewa hukuncin ya canja ne da canjawar halin mutane. Illarsa ita ce aminci daga jabu. Inda amincin ya samu an sauƙaƙa, inda ya ɓace an tsananta.

Hanafawa na farko sun fi kowa tsanantawa, hujjarsu kuwa ita ce rubutu yakan yi kama da rubutu, hatimi ma ana iya sassaƙa irinsa. Har Imam Abu Hanifa yana ganin alƙali ba zai yi aiki da abin da ya tarar a kundinsa ba sai ya tuna shari'ar da kansa. Almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, suka saɓa masa, suka ce yana iya aiki da shi matuƙar kundin yana ajiye a ƙarƙashin hatiminsa. Daga baya malaman mazhabar suka keɓance littattafan 'yan kasuwa da dillalai da masu canjin kuɗi, saboda al'ada ta gudana cewa ba sa rubuta bashi a kansu sai na gaskiya, kamar yadda Ibn Abidin (ya rasu 1252 H) ya yi bayani. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751 H) kuwa ya buɗe ƙofar sosai a littafinsa Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya. A wurinsa hujja ita ce duk abin da ya bayyanar da gaskiya, har ya yarda a yi la'akari da rubutun waƙafi da aka sassaƙa a dutsen ƙofar gida, idan alamu sun nuna tsohon rubutu ne.

Matsayin Malikiyya

Tun da alƙalan wannan yanki da Mukhtasar na Shaihu Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim (ya rasu 829 H) suke aiki, ya dace a ɗan daɗe a nan.

Malikiyya sun yarda da abin da ake kira shaida a kan rubutu. Ma'anarta shi ne adilai biyu su zo su ce sun gane wannan rubutun hannun wane ne, ganewa ta yaƙini kamar yadda ake gane fuskar mutum. An kasa ta uku. Akwai rubutun mai iƙirari, kamar mutumin da ya rubuta da hannunsa cewa ana binsa bashi, ko mijin da ya rubuta takardar saki sannan ya musa. Akwai rubutun shaidan da ya mutu ko ya yi tafiya mai nisa. Akwai kuma rubutun shaidan da yake raye, ya gane hannunsa amma ya manta lamarin. Khalil ya halatta biyun farko, ya hana amfani da na uku har sai mai shaidar ya tuna. Masu sharhi sun rinjayar da cewa kashi na biyu a sha'anin dukiya kawai ake aiki da shi.

A lura, duk wannan bai kai ga takarda mai shaidar kanta ba. Har yanzu bakin mutum ne yake ɗaukar takardar, sai dai an sauya abin da yake shaida a kai: maimakon ya ce ya halarci cinikin, sai ya ce ya san rubutun.

Inda aka kusanci batun sosai shi ne wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali. Nassin Mukhtasar a fili yake: ana isar da hukunci ga wani alƙali ta hanyar shaidu biyu, buga hatimi mustahabbi ne, kuma wasiƙar ita kaɗai ba ta wadatarwa. Amma aikin alƙalai bai tsaya a nan ba. Ibnul Munasif (ya rasu 620 H) ya ba da labarin cewa mutanen zamaninsa sun haɗu a kan karɓar wasiƙun alƙalai da zarar an gane rubutun alƙalin, saboda lalurar da ke cikin tilasta wa shaidu biyu yin doguwar tafiya a kan kowace wasiƙa. Tuhfa ma ta tafi a kan cewa aikin da ake yi shi ne karɓar irin wannan saƙo na alƙali. Wannan misali ne na ƙa'idar da ɗaliban mazhaba suka sani, cewa abin da aiki ya gudana a kansa yakan gabaci mashhuri idan dalilinsa yana nan. Ƙasar Hausa ma ba baƙuwar wannan al'ada ba ce. Wasiƙun da Turawa suka tarar a gidan Wazirin Sakkwato a 1903, waɗanda Backwell ya fassara ya buga a 1927, sun nuna yadda mulkin daula ya dogara a kan saƙon da ake gane mai shi.

Daular Usmaniyya ta Turkiyya ce ta tsara wannan fahimta a matsayin doka, a cikin Majallatul Ahkamil Adliyya da aka kammala a 1876. Saɗara ta 1736 ta hana aiki da rubutu da hatimi su kaɗai, sai idan sun kuɓuta daga shubuhar jabu. Saɗarorin da suka biyo baya suka karɓi takardun sarki da kundin filaye na daula, da kundin kotu idan an adana shi yadda ba za a iya yi masa kutse ba. Abin sha'awa, Majalla ta ƙi yarda da takardar waƙafi ita kaɗai, duk da alfarmarta, sai idan an shigar da ita a amintaccen kundin kotu. Wato abin dubawa shi ne inda aka ajiye asalin takardar da wanda ke tsaronta, ba kyan lafazinta ko girman abin da ta ƙunsa ba.

Abin da Dokar Shaida ta 2011 ta tanada

Dokar Shaida ta Nijeriya ta bi wata hanya daban, amma ta iso kusan wuri ɗaya. Sashe na 102 ya bayyana takardun hukuma: ayyukan hukumomi da kotuna da jami'an gwamnati da bayanan da aka adana na waɗannan ayyuka, haɗe da kundin da hukuma ke ajiyewa na takardun mutane. Sashe na 103 ya ce duk abin da ya saura takarda ce ta ƙashin kai.

Tun da ba zai yiwu a riƙa ɗauko kundin kotu ko na ofishin filaye ana yawo da shi ba, sashe na 104 ya ba da damar karɓar kwafin da aka tabbatar. Sharuɗɗansa a ƙididdige suke: a biya kuɗin da doka ta yanka, jami'in da takardar ke hannunsa ya rubuta a ƙarshen kwafin cewa daidai yake da asali, ya sa kwanan wata, ya sa hannu tare da sunansa da muƙaminsa, ya buga hatimi idan doka ta ba shi ikon amfani da hatimi. Idan waɗannan suka cika, sashe na 146 ya wajabta wa kotu ta ɗauka cewa kwafin sahihi ne, kuma wanda ya sa hannu yana riƙe da muƙamin da ya ambata. Ba a bukatar kiran magatakarda ya yi rantsuwa. Kotun Ƙoli ta tsaurara a kan wannan, inda ta yanke a shari'ar Araka da Egbue (2003) cewa idan ba asalin takardar hukuma aka kawo ba, babu kwafin da za a karɓa sai wanda aka tabbatar. Akwai irin wannan ɗauka ga jaridar gwamnati ta Gazet a sashe na 148, da takardar wakilci da aka sa wa hannu a gaban alƙali ko majistare ko lauyan da ke da hatimin shaida, a sashe na 150. Wasu ƙasashe sun tara irin waɗannan takardu a wuri guda, kamar ƙa'ida ta 902 ta dokokin shaida na kotunan tarayyar Amurka.

Wannan ɗauka ba yankakken hukunci ba ce. Aikinta shi ne juya nauyin hujja: wanda ya ce takardar jabu ce, shi zai tabbatar. Kuma da yake jabu laifi ne, sashe na 135 ya sa dole a tabbatar da shi ba tare da sauran kokwanto ba, ko da a shari'ar da ba ta laifi ba ce. Nauyi ne babba a kan manomin da ba shi da lauya.

Akwai kuma wani abu da ɗalibin shari'a a wannan yanki bai kamata ya jahilta ba. Sashe na 256 ya cire shari'o'in da ba na laifi ba a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da kotunan yanki da na gargajiya daga ƙarƙashin wannan doka, sai in an ba su iko na musamman. A Jihar Kaduna, kotunan Shari'a da na gargajiya sun maye gurbin kotunan yanki a 2001, zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Makarfi. Alƙalin Shari'a a Hunkuyi ko Ikara yana auna hujja ne da ma'aunin fiƙihu: iƙirari, shaidu, tazkiyya, rantsuwa da i'izari. Sai dai rigima ba ta cika tsayawa inda ta fara ba. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran iyali, kamar aure da riƙon yara da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Jayayya a kan cinikin gona tana iya ƙarewa a Babbar Kotu, kuma wanda ya shigar da sabuwar ƙara a can zai tarar da Dokar Shaida tana jiransa, tare da bukatar a fassara takardar Hausa ko ajami zuwa Turanci. Takarda ɗaya tana iya fuskantar ma'auni biyu a rayuwar mai ita.

Takardun da ke hannun jama'a

A ƙaddara wani mutumin Paki ya rasu ya bar gona a ƙasar Ikara da wata a tsallaken iyaka cikin Jihar Kano, abin da ba baƙo ba ne ga garuruwan da ke bakin iyaka. Kotun da ta raba gadon ta ba magada takardar hukunci. Idan suka kai ta gaban wani alƙalin, ga mas'alar wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali ta dawo da sabuwar riga. Wanda ya tsaya a kan zahirin Mukhtasar zai nemi shaidu biyu. Wanda ya bi aikin da Ibnul Munasif ya ambata zai karɓa idan ya aminta da tushenta. Ra'ayi na biyu ya fi ƙarfi a yau, domin hukuncin yana da lamba, yana da asali a kundin kotun da ta yanke shi, kuma ana iya aikawa a tambaya. Amma wannan ƙarfi na kwafin da magatakarda ya tabbatar ne. Hoton takarda da aka buga a shagon kwafi, ba sa hannu sabo, ba kwanan wata, bai shiga wannan babi ba a fiƙihu ko a doka.

Takardar shaidar mallakar fili tana da nata matsayi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon bayar da haƙƙin zama a ƙasa, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin gargajiya a filayen da ba na birni ba. A Kaduna, hukumar KADGIS da aka kafa a 2015 ita ke riƙe da kundin filaye. Takardar da ta fito daga irin wannan kundi ta yi kama da abin da Majalla ta karɓa. Duk da haka, Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ogunleye da Oni (1990) cewa satifiket ba ya ƙirƙirar mallaka ga wanda ba shi da ita, idan wani ya riga shi da haƙƙi mafi ƙarfi. A shari'ar Romaine da Romaine (1992) ta ƙara da cewa miƙa takardar mallaka bai isa ba, sai an duba ko wanda ya bayar yana da ikon bayarwa, kuma ko ya mallaki abin da ya bayar. Malamin fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin cinikin abin da mutum bai mallaka ba ba ya zartuwa sai da yardar mai shi, ko da alƙalai goma sun sa hannu a takardar.

Wadda ta fi yawa a hannun mutane, kuma ta fi jawo ruɗani, ita ce takardar ciniki da ake rubutawa a gaban mai unguwa ko dagaci. Mutane da yawa suna ɗauka cewa hatimin dagaci ya mayar da ita takardar hukuma. A haƙiƙa yarjejeniya ce tsakanin mai saye da mai sayarwa, dagaci kuma shaida ne a kanta, shaida mai daraja saboda ya san gonakin ƙasarsa da iyakokinsu. Idan wanda ake ƙara ya amsa cewa shi ya sa hannu, magana ta ƙare, iƙirari ya fi kowace hujja. Idan ya musa, sai a kira shaidun da ke jikinta. Idan sun rasu, Malikiyya sun ba da hanyar shaida a kan rubutunsu, tun da sha'anin dukiya ne. Matsalar ita ce dangwalen yatsa, wanda babu adilin da zai ce ya gane shi da ido. A nan babu makawa sai a koma ga masana zanen yatsa, kuma fiƙihu bai taɓa hana alƙali neman ra'ayin ƙwararru ba. Tabsiratul Hukkam ta Ibn Farhun (ya rasu 799 H) cike take da misalan hukunci da alamu da maganar masana.

Raunin wannan takarda ba daga dagaci yake ba. Daga rashin kundi yake. Sau da yawa kwafi ɗaya ne tak, yana hannun mai saye, wato hannun wanda zai amfana idan an ƙara wani abu a ciki. Da a ce kowane ciniki ana shigar da shi a littafi mai lambobin shafi a ofishin hakimi, a rubuta iyakoki huɗu da sunayen maƙwabta, da takardar ta matso kusa da sharaɗin da malamai suka gindaya na aminci daga jabu.

Tsohuwar takarda kuwa doka ta yi mata rangwame. Sashe na 155 ya ce idan takarda ta kai shekara 20, kuma ta fito daga hannun da ya dace a same ta, kotu tana iya ɗauka cewa rubutun da sa hannun na waɗanda aka jingina wa ne. A kula da lafazin: a nan kotu tana da zaɓi, saɓanin kwafin da aka tabbatar inda aka wajabta mata. Hikimar a fili take, domin bayan shekaru masu yawa shaidu sun mutu ko sun watse. Malikiyya sun magance wannan lalura ta wata ƙofar, wato shaidar ji, inda ake karɓar abin da ya yaɗu a bakin amintattu da waninsu cewa gonar ta wane ce. Sun sharɗanta tsawon zamani, wanda wasu suka ƙiyasta da shekara 20, wasu 40, kuma sun ce tana amfanar wanda abin ke hannunsa ne, ba a ƙwace da ita daga hannun mai riƙo. Ga kuma hukuncin hauzi, wanda ke kashe da'awar wanda ya zauna yana kallo, ba tare da uzuri ba, wani bare yana aikin mai mallaka a gonar har shekara 10. Saboda haka wanda ya tono takardar kakansa daga cikin adaka, alhali wasu ne ke noman fadamar shekara da shekaru a gaban idonsa, yana iya samun kotu ta yarda takardar sahihiya ce, kuma ya fita ba tare da gonar ba.

Hoton takarda a cikin waya

Yanzu ana ƙara samun masu ƙara da ke miƙa wa alƙali waya maimakon takarda: hoton yarjejeniya, saƙon saki ta WhatsApp, ko sanarwar shigar kuɗi daga banki. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya gindaya sharuɗɗa kan bayanan da na'ura ta fitar, ciki har da bayanin cewa na'urar tana aiki daidai. A shari'ar Kubor da Dickson (2012), wadda ta taso daga zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ya faɗaɗa ta, ya shigo da sa hannu na na'ura da bayanan da aka adana ta lantarki.

Ta fuskar fiƙihu, saƙon waya ya fi rubutun hannu rauni ta wani gefen, domin haruffan na'ura ba su da kamannin hannun kowa, ke nan ƙofar shaida a kan rubutu a rufe take. Abin da ya rage shi ne iƙirarin mai wayar, ko shaidun da suka ji daga bakinsa, ko alamu masu ƙarfi kamar rajistar layin da bayanin kamfanin sadarwa. Idan miji ya amsa cewa shi ya rubuta saƙon saki da niyya, sakin ya auku, kamar yadda Malikiyya suka hukunta a kan saki ta rubutu. Idan ya ce wani ne ya ɗauki wayarsa, nauyin hujja yana kan matar, kuma alƙali ba zai yanke hukunci ba sai ya yi i'izari ga wanda hukuncin zai hau kansa, ya tambaye shi ko yana da sauran abin da zai kare kansa da shi.